Jan Layi A Kan Wurin Baba

Tun daga bakin ƙofa Auta ta san ba lafiya. Takalman aikin Baba na ajiye a gefen randa da tsakar rana, alhali shekara talatin ke nan bai taɓa barin wurin buga bulonsa kafin la'asar ba.

Ta yi sallama ta shiga, littattafan 'yan ajinta rungume a ƙirji. Baba na zaune kan kujerar roba a tsakar gida, hannayensa duk busasshen siminti. Umma na gefe tana ninke wanki, ta ninke riga ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa.

"Sannu da gida, Baba."

"Ajiye littattafan nan ki zo."

Ta ajiye, ta durƙusa a gabansa.

"Yaron nan Mai Taswira ya turo min kawunsa yau, har wurin aiki. Wai suna neman izini su zo maganarki. Kin san da zuwan?"

"Na sani, Baba."

"To ga amsata, ki kai masa da bakinki. Mutumin da ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan abincina ba zai taka gidan nan da sunan suruki ba. Ban ce ki auri wane ba. Ban yi wa yayyenki dole ba, ba zan fara a kanki ba. Amma shi dai, a'a."

"Malam, ka bari yarinya ta sha ruwa tukuna," in ji Umma a hankali.

"Ta sha. Magana dai na gama ta."

Auta ta miƙe. Sai da ta shige ɗakin Kaka sannan hawayen suka ɓalle.

Maganar ta samo asali ne tun daminar shekaru biyu da suka wuce, ranar da kogi ya yi ambaliya ya cinye gida goma sha ɗaya a unguwar gangare. Bayan ruwa ya janye, mutanen gari suka zauna suka ce ba za su sake zura ido ba. Aka kafa kwamiti, da manoma da makiyaya da matan kasuwa da malaman makaranta, don a tsara yadda garin da ƙauyukansa za su kasance nan da shekara goma. Auta, malamar aji huɗu mai kyawun rubutu, ita aka ba sakatariya. Hukuma kuma ta turo wani matashi mai aikin awon ƙasa, dogo, mai sanyin murya, kullum da naɗaɗɗiyar takarda a hammata. Kafin sati ya zagayo gari ya raɗa masa Mai Taswira, har aka manta da sunansa na yanka.

Wata takwas suka yi suna bin unguwa-unguwa, ƙauye-ƙauye. Ina za a bi da magudanar ruwa, ina rijiya ta ƙafe, ina shanu za su ratsa ba su shiga gona ba, ina za a riƙa zuba shara, ina za a dasa itatuwa. Shi yana awo, ita tana rubuta abin da mutane suka ce. Ba ta san ranar da ta fara jiran ƙarar kekensa a ƙofar makaranta ba. Shi kuwa sai da ya manta bironsa a jakarta sau bakwai kafin ta gane da gangan yake yi.

Sai aka zo kan bakin kogi. Haƙar yashi ta cinye gaɓar, ita ce ta buɗe wa ruwa hanya. Taswirar da kwamiti ya liƙa a kasuwa ta nuna jan layi, wato a daina haƙa a wurin, a dasa itatuwa. A tsakiyar layin nan wurin Baba yake.

Abin da Baba bai sani ba, abin da ba wanda ya sani sai mutum biyu, shi ne hannun da ya ja layin.

"Wa ya taɓa min ƙawata?" in ji Kaka, mahaifiyar Baba, tana laluben tabaranta a kan gado. "Ko mijin nan nawa mai takarda ne ya yi miki laifi? Na faɗa masa tun farko, ni ya kamata ya nema, ke kukanki ya yi yawa."

Auta ta yi dariya cikin kuka, ta ɗora kai a cinyarta.

"Baba ya ce a'a, Kaka."

"Na ji. Ai kunnena bai mutu ba, idona ne kawai." Ta shafa kanta. "Ubanki tun yana ɗan mitsitsi haka yake. In ya ce a'a, shi kansa sai ya kwana biyu kafin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Amma wannan karon ba taurin kai ba ne kaɗai. Tsoro ne. Namiji in ya tsufa a sana'a ɗaya, gani yake in aka raba shi da ita ba sauran shi."

"Kaka, in mutum ya ɓoye wa iyayensa gaskiya don kar ransu ya ɓaci, ya yi laifi?"

Kaka ta leƙo fuskarta ta saman tabarau.

"Wace gaskiya?"

"Ba komai. Tambaya ce."

"Uhm. Tambaya mai hawaye."

Da yamma aka yi sallama da ita a waje. Mai Tifa ne, jingine da motarsa, yana kaɗa makulli a yatsa. Motocin yashi uku gare shi, kuma rabin yashin da yake ɗiba daga gefen wurin Baba ne. Shekara biyu yana bin ta, shekara biyu tana ce masa ya yi haƙuri.

"Malama, na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba," ya ce, fuskarsa kuwa ba ta nuna haka ba.

"Na gode."

"Ki kwantar da hankalinki. Gobe a taron gari na riga na tara mutanena, direbobi da masu lodi da duk mai ci a bakin kogi. Za mu yi watsi da takardar nan, baƙo ya naɗe kayansa ya koma inda ya fito. Ni da Baba abincinmu ɗaya ne. Duk abin da ya taɓa shi ya taɓa ni. Ki duba wanda ke tare da gidanku, ki duba wanda ke son rushe shi."

"Ka taɓa zagayawa bayan makarantarmu?"

"Me zan je yi?"

"Ba komai. In ka samu lokaci ka je."

"Ke dai ki yi tunani. Ni ba na gaggawa." Ya buɗe mota. "Amma Baba ya ce min ƙofarsa a buɗe take gare ni."

Ta tsaya har ƙurar motar ta kwanta, sannan ta koma ta yafa mayafi ta ce wa Umma za ta je ta shirya takardun taron gobe. Umma ta dube ta, ta san ba takardu kaɗai ba ne, ta ce, "Ki dawo kafin magariba."

Ofishin kwamiti ɗaki ɗaya ne a bayan ɗakin karatu, teburi ɗaya, benci biyu, fanka mai ƙara. Mai Taswira na tsaye ya danne gefunan taswira da duwatsu huɗu. Yana ganin idanunta ya ajiye abin awo.

"Kawu ya faɗa min," ya ce. "Zauna."

"Ya ce in kawo maka da bakina."

"To kin kawo. Na karɓa. Ki daina kuka, don Allah, kin san in kina yi ba na iya tunani."

"Wata uku ke nan yana kiranka azzalumi a gaban mutane. Jiya a kasuwa ka gaishe shi ya kau da kai. Kai kuma sai ka yi murmushi ka wuce. Har yaushe?"

"Har ya huce."

"Ni ce fa na ja layin nan!" Muryarta ta karye. "Kai ka tsaya riƙe da biro kana cewa wurin Baba ne, a sake dubawa. Ni na fizge na ja. Me ya sa za ka ɗauki abin da ba naka ba?"

Ya zauna a ɗaya bencin, nesa da ita kaɗan, ya haɗa hannuwansa.

"Domin ni baƙo ne, Auta. In gari ya tsane ni, gari ne kawai. Ke kuwa a gidan za ki kwana, a gidan za ki tashi. Ba zan iya ganin kina gaishe da mahaifinki yana kau da kai ba."

"To in na ce ka goge fa? Ka matsar da layin kaɗan, ya tsallake wurinsa. Gobe zai ce kawunka ya dawo."

Ya dubi takardar.

"Zan ce miki a'a," ya ce. "Sannan in rufe ƙofar nan in yi kukan da ya fi naki."

Ta rufe fuska da mayafi. Ita kanta ba ta san ko kuka take yi ko dariya ba.

"Da ka ce to, da na fasa aurenka."

"Na sani. Shi ya sa nake tsoronki." Ya juyo da taswirar wajenta, ya ɗora yatsa can gabas da gari. "Ga tudun nan mai jar ƙasa. Kwamiti ya yarda a ba masu bulo fili a nan. Akwai injin da ke matse irin ƙasar nan da ɗan siminti kaɗan, bulo ya fito ba yashin kogi. Sau uku ina zuwa in yi wa Baba bayani, sau uku yana kunna injinsa don kar ya ji ni."

"Ka tabbata ƙasar za ta yi?"

"Na aika da ita a gwada, amsa ba ta dawo ba. Ina kyautata zato. Amma ba zan ce na tabbata ba." Ya dube ta. "Ki yi min alkawari ɗaya. Gobe duk abin da aka ce min, ke dai ki yi rubutunki."

Ba ta yi alkawarin ba. Ta tattara takardunta ta fita.

Washegari da hantsi filin makaranta ya cika. Mata a gefe ɗaya a inuwa, maza a kan benci da tabarmi, makiyaya tsaye a baya da sandunansu. Shugaban kwamiti, tsohon hedimasta, ya riƙa karanto tsarin ɗaya bayan ɗaya. Magudana, aka ce an yarda. Hanyar shanu, aka ɗan yi ja-in-ja, aka yarda. Sabuwar rumfar kasuwa, mata suka yi tafi.

Ana ambaton bakin kogi mutanen Mai Tifa suka miƙe.

"Ba mu yarda ba! Me za mu ci?"

"Ya koma garinsu ya ja layi!"

Hedimasta na buga teburi, ba mai ji. Sai da Baba ya miƙe sannan wuri ya yi tsit, domin ba mutum ne mai magana a taro ba.

"Jama'a, kun san ni," ya ce. "Rabin gidajen garin nan da bulona aka gina su. Ajin nan da ke bayanku ni na ba da bulonsa. Ban taɓa cutar kowa ba. Yau yaron da bai san inda kakanninmu suka kwanta ba ya zo da biro, ya ce in tashi. Da ɗan gari ne ya faɗa, wanda ya san zafinmu, da na saurara. Amma baƙo? Shi in ya gama ya naɗe takardarsa ya tafi, mu a bar mu da yunwa."

Mai Taswira na tsaye kansa a ƙasa.

Auta ta dubi biron hannunta. Ta ajiye shi. Ta miƙe.

"Baba, ba shi ya ja layin ba."

Mai Taswira ya ɗago da sauri yana girgiza mata kai. Ba ta kalle shi ba.

"Ni ce. Shi cewa ya yi a sake dubawa saboda kai. Ni na karɓi biron na ja." Hawaye na zuba, amma muryarta ta fita har bayan fili. "Shekarar da na fara koyarwa, daga bangon ajina zuwa gaɓar kogi taki arba'in ne. Bana na ƙirga, goma sha tara. Yara hamsin da biyu ke zama a ajin nan, har da jikokinka biyu. Duk ranar da hadari ya haɗo ba na iya koyar da komai, taga nake kallo. Ka yafe min, Baba. Ban yi don in tozarta ka ba. Na rasa yadda zan yi ne."

Ba wanda ya motsa. Wata mata a cikin inuwa ta ja ɗanta ta rungume. Mai Tifa ya buɗe baki zai yi magana, wani direbansa ya riƙe masa hannu.

Baba ya dube ta, ya dubi Mai Taswira, ya sake dubanta. Ya gyara hularsa, ya ratsa tsakiyar mutane ya fita.

Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce an ɗage maganar bakin kogi zuwa mako mai zuwa.

Baba bai dawo gida ba har lokacin abincin rana ya wuce. Umma ta zauna bakin ƙofar ɗaki ta zabga tagumi.

"Da kin faɗa min, ai da na san yadda zan lallaɓa shi," ta ce. "A gaban gari, Auta? A gaban gari?"

"Ban shirya ba, Umma. Bakina ne ya riga ni."

"Ku bar ta," Kaka ta ce daga ciki. "Gado ta yi. Je ki nemo shi, ƙawata. Ba ya nisa in yana fushi."

Ba ta same shi a wurin bulo ba. Ma'aikatansa suka ce bai leƙo ba. Har ta juya za ta koma, sai ta hango babur ɗinsa a gindin bishiya a bayan makaranta.

Yana can, ya jingina bayansa da bangon aji huɗu. Ya fara takawa zuwa gaɓa, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya leƙa ramin da ruwa ya ƙwaƙule, ya dawo, ya sake. Ta tsaya daga nesa har ya yi sau uku.

"Goma sha bakwai," ya ce, bai juyo ba. "Kin ce sha tara."

"Takinka ya fi nawa faɗi, Baba."

Ya yi wani ɗan sauti, kamar dariya ce ta so fita ya hana ta. Ya zauna a kan dakalin aji. Ta zo ta durƙusa gefensa.

"Kullum ina can ƙasa kaina a cikin yashi," ya ce. "Ban taɓa hawowa nan na duba ba." Ya shafa bangon da tafin hannu. "Ba layin ne ya fi yi min ciwo ba yanzu. Wata uku kina kawo min ruwa, kina gaishe ni, kina ji ina zagin bawan Allah a kan abin da kika yi. Ni dodo ne a gidana?"

"A'a, Baba. Tsoro na ji kar ka daina kallona yadda kake kallona."

"Ke ce autata. Wa zan kalla?" Muryarsa ta yi rauni, ya kau da kai yana goge ido da gefen hannun riga. "Kin kunyata ni yau. Ba zan ce ba ki yi ba. Amma gara wannan da a kira ni wata rana a ce bango ya faɗa da yara."

Ta kife kai a gwiwarsa ta yi kuka mai isarta. Ya bar ta, yana ɗan bubbuga kafaɗarta da hannunsa mai kaushi.

"Shi kuma wancan," ya ce can, "ya zaci ban gan shi ba?"

Ta ɗago. Can bakin shingen makaranta Mai Taswira na tsaye riƙe da kekensa, ya rasa gaba ya rasa baya.

"Kai! Zo nan."

Ya jingine keken ya taho da sauri, ya tsuguna. "Ranka ya daɗe, Baba, ka yi haƙuri, ni ne ban..."

"Rufe min baki. Wata uku kana shiru, yanzu ne za ka yi magana?" Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ina tudun nan da kake ta damuna da shi?"

"Gabas da gari ne, Baba. Amma amsar gwajin ba ta dawo ba tukuna."

"Wane gwaji? Ni zan damƙi ƙasar a hannuna, in jiƙa ta, in ji. Shekara talatin ba wasa ba ne. In ta yi, ka ce wa kawunka ya dawo mu zauna. In kuma ba ta yi ba..."

Bai ƙarasa ba. Auta ta dubi Mai Taswira, shi ma ya dube ta.

Baba ya hau babur ya taka, injin ya kama a bugu na biyu.

"Hau mana, me kake jira?"

Mai Taswira ya hau baya a ɗarare, ya bar tazara tsakaninsu, hannuwansa a sama ya rasa inda zai ajiye su. Babur ya ɗan zabura, ya yi baya kamar zai kifa.

"Riƙe ni, kai!" Baba ya daka masa tsawa. "In ka faɗi ka karye, me zan ce mata?"